Gidajen da Muka Yi wa Sallama

Tafiyar nan ta ba ni wahala. Har yau bayana bai koma daidai ba, ƙafata ta hagu kuma da ta kumbura a mota sai da ta kwana huɗu kafin ta yarda ta shiga takalmi. Duk wanda ya gan ni a bakin shago sai ya ja birki: "Sale, yaya gidajen? Da gaske har da famfo a ciki?" Na faɗa a teburin mai shayi, na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa wa mutanen Samaru da suka zo takanas. Bakina ya gaji. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Aji huɗu na yi a firamare, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ga wanda bai san mu ba, ni mai walda ne a Chikaji, nan Zariya. Layinmu tsofaffin ɗakunan leburori ne tun lokacin da masana'antun wurin ke aiki sosai. Gida tara ne a jere, kowane gida iyali biyar ko shida, banɗaki ɗaya, rijiya ɗaya. Shekarata goma sha bakwai a ciki da falo, a nan aka haifi 'ya'yana duka huɗun. Bara magadan mai layin suka sayar wa wani kamfani, shi kuma kamfanin yana so ya rushe ya gina ɗakunan ajiye kaya. Ba mu kaɗai ba ne. A Samaru ma ana ta tashin masu iyali ana yayyanka gidajen ƙanana-ƙanana don ɗalibai. Da muka ga haka sai muka haɗa kai da su, da wasu daga unguwannin Jama'a da Zabi, muka kafa ƙungiyar 'yan haya. Muka naɗa Mama Laraba mai ƙosai shugaba, don ba ta tsoron kowa, kuma muryarta tana kaiwa ƙarshen layi ba sai da lasifika ba.

Mun kai takarda nan, mun kai can, mun zauna a bencin ofisoshi har a tashi aiki. Da kamfanin ya ga ba za mu fita salin-alin ba, sai ya turo wakili, wani saurayi mai laushin baki. Ya ce ba da faɗa ya zo ba. Kowa ya dangwala yatsa a takarda cewa ya yarda ya tashi kafin damina, su kuma za su gina mana gidajen masu ƙaramin ƙarfi can bayan Samaru, mutum ya riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar haya har gida ya zama nasa. Ya ce sun riga sun yi irinsu a wata jiha, ana ce musu Gidajen Sauƙi. Ya zagaya da wayarsa muna kallon hotuna. Gidaje farare a jere, shanya a igiya, takalma a ƙofa, mata suna daka.

Ba zan ɓoye ba, ni na fara cewa mu dangwala. Na gaji da zaman benci. Mama Laraba ce ta ɗaga hannu.

"Ni dai ban taɓa sayen wake a hoto ba," in ji ta. "A tura mutum biyu su gano da idonsu. In sun dawo mu dangwala ko mu fasa."

Wakilin ya ce madalla, mu zo ranar Asabar, zai sa a tarbe mu a tasha. Aka zaɓe ni saboda na san ƙofar kirki da ta banza. Aka haɗa ni da Malam Yohanna, tsohon malamin firamare da muke katanga ɗaya, kowa Ticha yake ce masa. Ticha ya ce shi Asabar ba ta yi masa ba, ranar Lahadi shi ke jan waƙa a coci. Ni ma na ce ba na son Juma'a ta riske ni a hanya. Sai muka tsayar da Talata, mu dawo Alhamis. Ba mu gaya wa wakilin ba. Ba wayo ba ne. Ticha ya zaci na kira shi, ni kuma na zaci Ticha ya kira, tunda shi ne mai Turanci.

Mun shiga mota a tashar Kwangila da hantsi. Mu huɗu a baya, da ni da Ticha da wata mata mai buhun busasshen kifi da wani mutum da ya yi barci tun kafin a tayar da mota, ya kuma zaɓi kafaɗata. Ƙofar gefena ba ta buɗuwa ta ciki. Duk inda aka tsaya sai direba ya zagayo da sukundireba ya zura ya murɗa. Na ce masa aikin minti goma ne in ya kawo min shago. Ya ce shekararta uku a haka ba ta kashe kowa ba. A Kaduna muka canza mota, wadda ta fi ta farko lalacewa, mai kifin ma ta biyo mu. Taya ta fashe mana sau ɗaya, ruwa ya tafasa sau biyu. Ticha ya ɗauko gyaɗa a leda yana ci ɗaya-ɗaya kamar magani.

"Sale, ka ci mana."

"Warin kifin nan ya ƙosar da ni."

"To ka gode Allah, ka ci kifi kyauta."

Wajen la'asar muka kai iyakar jiha. An gicciya katako mai ƙusoshi a titi, wasu mutum biyu suna zaune a inuwa suna ta raha. Ɗaya ya taso ya leƙo, ya tambayi kowa inda za shi. Da ya zo kanmu Ticha ya gyara tabarau ya ce mu wakilan 'yan haya ne daga Zariya, za mu duba Gidajen Sauƙi. Mutumin ya waiwaya ya dubi abokinsa. Dariyar ta tsaya.

"Kuna da ɗan'uwa a can ne?"

"A'a."

"To. Ku dai shiga da rana, ku fito da rana." Ya ja katakon.

Na tambayi Ticha me yake nufi. Ya ce ƙila hanyar ce ba kyau.

Ba zan faɗi sunan garin da muka sauka ba, don mutanensa ba su yi min komai ba sai alheri. Mun kwana a gidan wani abokin karatun Ticha mai wa'azi a cocin garin. Tun kafin in buɗe baki matarsa ta ce in saki jiki, zakaran da aka dafa mahaucin unguwa ne ya yanka. Ta kawo min buta da tabarma, ta nuna min gabas. Aka kawo sakwara da miyar agushi, malmala ɗaya kamar kan jariri. Mu a gida tuwo ake ci da dare, da safe a sha koko ko a ci ɗumame. Su da safe ma sakwara suka sake dakawa sabuwa. Matan garin kuma ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗorawa, ko itace ne ko tulu. Na yi ta kallo har Ticha ya zungure ni ya ce in daina, za a ce baƙauye ya zo daga birni.

Ana cikin cin abinci Ticha ya ambaci abin da ya kawo mu. Matar gidan ta tattara kwanukan da ba a gama da su ba ta shige ciki. Maigidan ya daɗe yana wanke hannu.

"Ku je ku gani," in ji shi. "Ba na so in sa muku magana a baki."

Da safe muka hau acaɓa biyu. Mun yi tafiya mai ɗan nisa a hanyar ƙasa, sai suka tsaya a bakin wata kwalbati. Ga gidajen can muna hangowa, farare ƙal cikin rana, amma 'yan acaɓan suka ce iyakarsu ke nan. Na ce ai hanya lafiya lau take. Ɗayan ya ce ba hanya ba ce. Suka juya.

Muka taka da ƙafa. Babbar ƙofar a buɗe take, ba maigadi. Abin da muka gani a hoto shi muka tarar, ban rage masa komai ba. Layi-layi, kowane gida da barandarsa da tankin ruwa, da lamba a jikin ƙofa. Labule a tagogi. Zannuwa da rigunan yara a igiya. Can ciki rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Raina ya yi fari. Na ce wa Ticha, "Ka gani ko? Da mun dangwala tun ranar da mun huta da kifi."

Muka nufi gidan farko. Takalma ƙafa uku a ƙofa, na namiji, na mace, da ɗan ƙarami. Na tsaya daga gefe yadda ya kamata na ce, "Salamu alaikum."

Shiru. Sai can aka ce, "Wa alaikumus salam."

Muryar siririya ce, ta tsoho. Amma ba ta yi kama da daga cikin ɗaki ta fito ba. Na ɗauka ginin ne ke mayar da sauti haka. Tunda an amsa, sai muka ja baya muka ba ƙofa baya, ko matar gida za ta fito ba ta shirya ba. Muka tsaya. Muka ƙara tsayawa. Ba wanda ya fito, ba a kuma ce mu shigo ba.

"Ƙila tsohon ba ya iya tashi," in ji Ticha. "Mu gwada gaba."

Gida na biyu na yi sallama. Aka amsa. Murya ɗaya da ta farko. Na uku ma haka. Kowa ya san mutumin kirki ba ya tura ƙofar da takalmin matar aure ke bakinta, ba ya kuma leƙa taga. Don haka haka muka yi ta yi, manya da mu, masu furfura, muna bin gida-gida muna sallama, ana amsawa, muna juya baya muna jira a rana. A gida na shida Ticha ya ce in bari shi ya gwada. Ya tafa hannu ya ce, "Gafaranku dai masu gida!"

Ko tari ba a yi ba.

Ya sake, da ƙarfi. Shiru.

"Sale," ya ce a hankali, "ko su wane ne, 'yan'uwanka ne. Ni ba sa amsa min."

Ya yi dariya, amma ba ta fito da kyau ba. Daga nan na daina kallon fenti na fara kallon abin da na sani. Shekara goma sha bakwai ina gidan haya, na san yadda wurin da mutane ke kwana yake. Babu ƙuda ko ɗaya. Babu kashin akuya, babu kaza. Kwata a bushe take har ciyawa ta fito a ciki. Babu warin daddawa, babu hayaƙi, ga shi rana ta take, lokacin da kowace mace ta ɗora tukunya. Na taɓa wani zane a igiya, ya bushe ƙamas kamar fata, inda ya naɗe a waya kuma tsatsa ta ci shi. Rediyon nan tun da muka shigo yake magana, ba wanda ya canza tasha, ba wanda ya yi tsaki.

Sai na sunkuya na dubi wasu takalman yara. Duka biyun na ƙafar hagu ne.

Na matsa kusa da ƙofar, abin da ban yi ba tun safe. Fenti ya haɗe ƙofa da bango ɗaya, babu tsaga. Tun ranar da aka shafa shi ba a buɗe ta ba. A ramin makulli kuma zanzaro ya gina gidansa har ya bushe ya tafi.

Na ji Ticha ya fara waƙar coci a maƙogwaro. Ni ma bakina bai zauna banza ba. Da ni kaɗai ne da na bar wurin a guje. Amma mutum arba'in da wani abu sun yi karo-karo sun sa mu a mota. Me zan je in ce wa Mama Laraba? Na yi sallama an amsa na gudu?

Na raɗa wa Ticha ya zagaya ta bayan gidan, ni zan yi sallama. Ya ce me ya sa ba ni zan zagaya ba. Na ce ai shi ba a amsa masa. Ya harare ni ya tafi. Na ƙirga goma na ce, "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus—"

Sai na ji Ticha ya ce "Yesu!" wani abu kuma ya zube. Na ruga. Wani tsoho ne siriri tsugune a bayan tankin ruwa, hularsa ta faɗi, buhun da ke kafaɗarsa ya kife. Takalma ne suka watse a ƙasa, sun fi ƙafa talatin, manya da ƙanana.

Muka tsaya muna kallon juna, mu uku, kowa yana haki.

"Yau ba Asabar ba ce," in ji tsohon.

"Baba, kai ke amsa mana tun ɗazu?"

"Ni ne."

"To me ya hana ka fitowa? Ka kusa kashe mu."

Ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "An hana ni magana da baƙi. Amma mutum ya yi sallama, in ji da kunnena, in yi shiru? Wannan ba zan iya ba. Na yi ta addu'a ku gaji ku tafi, ku kuma ba kwa gajiya." Ya dubi Ticha. "Kai kuma ka yi haƙuri, malam. Taka ba dole ba ce, shi ya sa."

Sunansa Baba Tanko. Muka taya shi kwashe takalman. Ya ce tunda mun riga mun gan shi, mu biyo shi, aiki bai ƙare ba. Haka muka bi shi gida-gida yana aikinsa yana magana ba ya kallonmu. A buhu ake kawo masa takalman daga 'yan gwanjo. Kowane kwana uku yana canza su, don rana kada ta fasa su. Yana goga ƙasan kowanne a turɓaya. Na namiji a jere yake ajiyewa, na mace ɗaya bisa ɗaya, na yara kuma ya watsar, ɗaya a kife, kamar an shigo da gudu. Yana da gwangwanin toka da yake zubawa a bayan gida. Rediyon na hasken rana ne, yana zagayawa da shi layi-layi. Da na nuna masa na hagu biyun nan, ransa ya ɓaci sosai.

"Idona ne ya fara tafiya. Da ba na irin wannan."

"Matan da ke daka a hoto fa?" in ji Ticha.

"Ranar da za a kawo baƙi ake ɗebo su a mota, da turmi da yara. Da an gaya min yau za ku zo da kun tarar da su. Turmin ma ba komai a ciki."

Na tambaye shi masu gidajen. Ya ce suna birni, wasu bai taɓa ganin fuskarsu ba. A ƙa'ida gidan da aka bari ba kowa ana ƙwace shi a ba mai bukata, shi ya sa suka ɗauke shi aiki. Jira suke kwalta ta iso wurin ya yi daraja.

"To talakawan da aka gina dominsu?"

Ya miƙa baki wajen wani kwari bayan katanga. Sai a lokacin na lura. Rumfuna ne na tsohon kwano da leda da buhun siminti, a cunkushe a gangare, hayaƙi na tashi daga cikinsu. Daga inda muke ana jin kukan yaro kaɗan-kaɗan in iska ta juyo.

"Nan da kuke tsaye unguwarmu ce," in ji shi. "Mu ma an nuna mana takarda, mun dangwala, mun kwashe kayanmu da hannunmu, har muna taya su sauke bulo. Da aka gama gini sai aka ce kowa ya kawo shaidar yana ɗaukar albashi, ya kawo babban ma'aikaci ya tsaya masa. Ni manomi wa zai tsaya min? Sunayenmu dai suna nan a takarda, ba a goge ba. In manya suka zo dubawa su ake karantawa."

Azahar ta yi. Akwai masallaci a tsakiyar gidajen, mai kyau, kore da fari. Takalma sun kai goma sha biyu a ƙofarsa, da kwaɗo a jiki. Baba Tanko ya zazzage buhunsa ya shimfiɗa mana a baranda, ya yi kiran salla ba da ƙarfi ba, muka yi mu biyu. Ticha ya zauna nesa kaɗan a gindin tanki. Ban taɓa sallar da hankalina ya rabu biyu irin wannan ba. Duk sujadar da na yi ina jin kamar masu takalman nan suna tsaye a bayanmu sun yi sahu.

Da muka idar ya ce akwai gida ɗaya da ya rage. Yana can ƙarshen layi, kusa da wata tsohuwar bishiyar ɗorawa da masu gini suka bari. Takalmi ƙafa ɗaya ne a ƙofar, na roba, na mace, dunduniyarsa ta cinye, an liƙe maɗaurinsa da wuƙa mai zafi. Ya durƙusa ya share ƙurar da ke kansa da gefen rigarsa, ya mayar daidai inda yake.

"Wannan ba ka canza shi?" in ji ni.

"Wannan ba na gwanjo ba ne. Na Asabe ne, mai ɗakina. Lambar nan sunana ne a kanta a takarda. Ita ta zaɓa, don a nan ɗakinta yake da, ɗorawar nan a tsakar gidanmu take. Kullum sai ta hauro ta leƙa ta taga ta ce ga inda za ta sa gado." Ya miƙe da ƙyar. "Damina biyu ke nan. A rumfa ta cika."

Ticha ya cire hularsa. A wannan gidan ban yi sallama ba.

Na gaya wa Baba Tanko abin da ya kawo mu, da takardar da ke jiranmu a gida. Na ce, "Baba, in kai ne mu, za ka dangwala?"

"Yanzu kuna cikin ɗakunanku?"

"Muna ciki."

"Ana girki, yara na kuka?"

"Har sun yi yawa."

"To kada ku fito. Sai an ba ku makulli a hannu, kun buɗe, kun kwana, kun tashi. Muna cikin gidajenmu har ruwan sanyi ake ba mu a ofis. Ranar da muka fito, ko benci ba a ƙara nuna mana ba."

Ticha ya ɗauki hoton ramin makullin da zanzaro, da busasshiyar kwata, da rumfunan kwari. Baba Tanko ya ce kada a ɗauki fuskarsa, aikin nan shi ke ciyar da jikokinsa. Ya raka mu har kwalbati. Da na waiwaya yana komawa ciki da buhu a kafaɗa, shi kaɗai a tsakiyar titin nan mai faɗi.

Dawowa ba abin faɗa. A nan ƙafar ta kumbura. Mun iso Alhamis bayan la'asar, muka tarar layi a cike, har 'yan Samaru da Zabi sun zo, an fito da benci da tabarmi. Ban ko sha ruwa ba Mama Laraba ta ce, "To, Sale, wake ne ko tsakuwa?" Na faɗi abin da na rubuta a nan, Ticha yana zagayawa da waya.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Iliya mai baro, da ke gida na uku a layinmu, ya miƙe tsaye. 'Ya'yansa bakwai, matarsa ba lafiya.

"To ina za mu?" in ji shi. "Ku kun je kun ga takalma kun dawo. In suka zo da motar rusau fa? Takarda ko ta ƙarya ce ai ta fi babu. Wa ya sani ma ko wurin da kuka je ke nan?"

Ban ji haushinsa ba. Na ce masa kawai na ga inda masu takarda suke kwana, kuma ɗakinsa ya fi shi.

Aka yi ta hayaniya har Mama Laraba ta buga murfin tukunya a benci. Aka tsaya a kan ba wanda zai dangwala sai an gina, an karanta sunayen masu gidajen a bainar jama'a a nan layin inda muka san fuskar kowa, an kuma miƙa makulli. Za a rubuta haka a kai duk ofisoshin da muka saba zama, da hotunan Ticha a ciki. Iyali huɗu suka ce su dai ba su yi alkawari ba, har da Iliya. Ban san yadda abin zai ƙare ba, kada wani ya tambaye ni. Kamfani yana da lauya, mu muna da Mama Laraba.

Washegari da na dawo daga masallaci na tarar da uwar 'ya'yana zaune a kan buhunan da ta ɗaure tukwane da kwanuka a ciki tun kafin tafiyarmu, tana jiran in ce wani abu. Na ce ta kwance su. Na je shago na ɗauko guntun kwano da ƙusoshi, na ari tsani, na hau rufin ɗakinmu. Akwai inda yake zuba daidai kan gadon yara, tun bara na bar shi, ina cewa me zan gyara a gidan da za a rushe. Ina cikin bugawa na ga Iliya ya fito da baronsa. Ya tsaya a ƙasa yana kallona, ya daɗe, bai gaishe ni ba, ni ma ban daina bugu ba.

Da zai wuce ya ce, "In ka gama kada ka mayar da tsanin. Nawa ma yana zuba."